Kibau Ruwan Goro a Kan Murhun Gas

Kwalin ya fito ne daga ɗakin ƙasa na gidan da Souley ke haya a Stapleton, wata unguwa a wani tsibiri na birnin New York. Mai gidan, wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya daɗe da rasuwa, ta tashi kwashe tarkacen marigayin, sai ta ci karo da wani dogon kwali a bayan injin ɗumama gida. Ta sha ganin Souley yana fita da baka a jaka ranar Lahadi, don haka ta hauro da kwalin tana haki, ta dire masa a bakin ƙofa. Ta ce in yana so ya ɗauka, in ba ya so motar shara na nan tafe da safe.

Souley ya buɗe shi a tsakiyar falo. Kibau ne, dozin guda, kowace kwance a gurbinta, launinsu ruwan goro mai sheƙi, gashin tsuntsun da ke gindinsu ko tauyewa bai yi ba. Ya daɗe a durƙushe bai taɓa ko ɗaya ba.

Mutumin nan fa ba yaro ba ne. Ya haura arba'in, yana da kanti a Tompkinsville inda yake sayar da man kaɗanya da turare da cajar waya, mutane na gaishe shi da girmamawa. Amma akwai abin da ke cinsa tun ƙuruciya. Mahaifinsa, Baba Tamimu, shi ne maharbi na ƙarshe a ƙauyensu kusa da Dogondoutchi, kuma bai taɓa ɗora wa ɗansa baka a hannu ba. Lokacin da Souley ya isa koyo, gonaki sun riga sun cinye dajin, ko zomo sai an yi sa'a. A gidansu kuwa ba a zama maharbi da fatar baki. Sai uba ya ga ɗansa ya kayar da nama da idonsa, ya dafa kansa, ya kira shi da sunan. Ba a yi wa Souley haka ba, kuma abin ya biyo shi har New York.

Shi ya sa ya yi shekaru yana koyon harbi a ɓoye kamar mai aikata laifi, ya sayi bakan katako, ya yi karatun da doka ta ce, ya karɓi lasin. Yanzu ga Baba Tamimu a gidansa. An kawo shi aikin yanar ido, aikin ya yi kyau, kuma ranar Lahadi mai zuwa jirginsa zai tashi zuwa Yamai. Tsoho ne, ba wanda ke yaudarar kansa cewa zai sake dawowa. Asabar ɗaya ta rage wa Souley ya kayar da nama a gaban mahaifinsa.

Ranar da aka cire wa Baba Tamimu bandeji, abin da idon tsohon ya fara gani a hanyar gida barewa ce, irin ta ƙasar nan mai girman maraƙi, tana cin furannin wani gida a bakin titi. Ya damƙi hannun Souley har mota ta kusa kaucewa.

"Ta wa ce wagga?"

"Ba ta kowa ba ce, Baba. Cikin birni doka ta hana harbinsu. Sai an fita waje."

Tsohon ya bi ta da kallo har ta ɓace a madubi. "Nama na kiwo bakin titi," ya ce, "ku kuna sayen kaza mai ƙanƙara."

Wanda ya san kan tsofaffin kibau shi ne Latif, ɗan zangon Kumasi da ke zaune a Morris Heights, cikin Bronx. Direban bas ne, ya daɗe yana farauta, kuma shi ya samo musu izinin shiga dajin wani manomi a Westchester. Shi ne ya dinga yi wa Souley mita cewa bakan katako ba ya son kiban zamani marasa nauyi, suna fita suna kaɗa gindi. Da Souley ya aika masa hoton kwalin, bai ko amsa ba, sai ga shi ya hawo jirgin ruwa ya iso da la'asar.

Ya gaishe da Baba Tamimu a durƙushe, sannan ya zaro kibiya ɗaya ya kai ta bakin taga. Sunan kamfanin ya kusa gogewa, amma lambobi huɗu na nan daram.

"Chale, abokina, ka san abin da aka ba ka?" in ji Latif. "Duba nan. Ashirin da ɗaya, sha bakwai. Na farko kaurin jikinta ne, na biyu kaurin ƙarfen da aka naɗe. Daidai bakanka, kamar an auna. Wannan kala kuma, tun ba a haife ka ba suka daina yin irinsa haka. Ka ga gindin, yadda aka matse ƙarfen ya tsuke da kansa? Old school, aikin mutanen da. Alminiyam ne mai tauri, ba na tukunya ba."

Baba Tamimu ya miƙo hannu. Ya karɓi kibiyar da hannu biyu, ya bi ta da babban yatsa daga tsini har gindi, a hankali, ya sake dawowa. Ya ɗauki ta biyu ya auna su a tafukansa, ya musanya, ya sake aunawa. Ya ɗauki ta uku. Souley bai taɓa ganin fuskar mahaifinsa haka ba, ko ranar da aka buɗe masa ido.

"Ba gaɓa," tsohon ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kara ne, ga rami ciki, amma ba gaɓa ko guda. Na ƙare ƙuruciyata cikin fadama ina biɗar kyauro biyu masu kama da juna, ban samu ba. Ga sha biyu uwa ɗaya uba ɗaya. Allah mai iko. Wane ne ya shuka wanga?"

Latif ya yi dariya, amma Souley bai yi ba.

Daga nan Latif ya shiga tantancewa. Yakan ɗora tsinin kibiya a tafin hannu, ya jingina ta a kan faratansa biyu, ya murza. Mai lafiya takan juya shiru, ba ka ma gane tana juyawa. Mai lahani takan yi rawa tana karkarwa a farce. Ya mirgina kowace a kan gilashin tebur, ya leƙa ko akwai tsaga ko loɓawa. Da ya gama, huɗu ne kawai suka tsira. Sauran duk sun ɗan lanƙwashe, lanƙwasar da ido ba ya gani sai farce. Ya ɗaure huɗun da roba, ya ture sauran gefe.

"Ina ake shafa dafin?" Baba Tamimu ya tambaya.

"Babu dafi a nan, Baba. Doka ya hana. Kibiya kaɗai zai yi aiki. Dole ya shiga bayan kafaɗa ya huda huhu. In ya kauce kaɗan ya samu ciki, naman zai gudu da shi, ya je ya mutu a wahale inda ba za ka gan shi ba."

Tsohon ya ajiye kibiyar da ke hannunsa. A wurinsu dafi ke gyara kuskuren maharbi, ko a cinya ka samu dabba za ta faɗi. Ya dubi huɗun da ke ɗaure, ya dubi tarin da aka ture, ya girgiza kai. Souley ya ga haka, amma bai kawo komai a ransa ba.

Cikin makon ya gwada huɗun a filin koyo. Kai, abin ba a magana. Suna barin tsarkiya ba ƙara ba rawa, su je su tsaya kusa da juna kamar an jera su da hannu. Kibau da suka kwana a duhu tun kafin ya zo duniya, ga su suna tashi kamar jiya aka ƙera su. Ya mayar da su kwali yana jin cewa Asabar tasa ce.

Ranar Juma'a da yamma ya dawo daga kanti, tun daga matakala ya ji ƙauri. Matarsa Zeinabou ta tare shi a ƙofa.

"Baba ya kore ni daga kicin tun bayan azahar," ta ce da raɗa. "Ko shayi ban dafa ba."

Baba Tamimu na zaune gaban tebur, ya naɗe hannun riga, goshinsa na naso. Kibau goma sha biyu na jere a kan gilashi, an goge su tas, robar Latif tana yashe a ƙasa.

"Zo ka gani," ya ce. "Abokinka ya zubar da takwas. Mu ba mu zubar da kibiya don ta karkace. Wuta kaɗan, ka danna, ka hura, ka duba. Ta fi kyauro taurin kai, amma ta ji magana."

Souley ya ɗauki ɗaya ya murza a farce yadda Latif ya yi. Shiru. Ya ɗauki wata, ita ma shiru. Ya bi su duka, ya mirgina su a kan gilashi, ko ɗaya ba ta yi rawa ba. Tsoho mai sabon ido, da murhun gas da tsumma, ya miƙe ƙarfen da bai taɓa gani ba sai makon nan. Souley ya dubi hannuwan nan masu jijiyoyi, ƙwalla ta cika masa ido. Ya yi godiya, ya ƙara godiya, sannan ya fita matakala ya kira Latif don ya ba shi labari.

"Wuta?" Latif ya yi ƙara har sai da Souley ya janye wayar daga kunne. "Ya sa su a wuta? Ei, Awurade, ya Ubangiji! Chale, ya kashe su. Taurin ƙarfen nan a masana'anta aka ba shi, zafi yana cire shi. Ido zai ga ya miƙe, amma ciki ya zama taliya. Ka sake shi daga baka, zai iya lanƙwashewa ya tafi inda ya ga dama."

"Bon. To yaya zan gane huɗun nan?"

"Ka lanƙwasa kowanne a hannu. Mai lafiya zai dawo, wanda ya sha wuta zai zauna a karkace. Ko kuma, simple, ka faɗa wa Baba."

Simple, in ji Latif. Shi da yake kiran mahaifinsa a waya suna musu kan ƙwallo. Souley ɗan fari ne, mahaifinsa ko sunansa ba ya kamawa, shi kuma tun da ya yi wayo bai taɓa duban tsohon ya ce masa ka yi kuskure ba. Yau ne zai fara, a kan aikin da mutumin ya yini yana yi masa don ƙauna? Ya yanke shawara zai bari kowa ya shiga ɗaki, ya gwada su a ɓoye.

Da ya koma ciki, tebur wayam. Baba Tamimu ya zuba kiban a kwari, ya tofa musu addu'a, ya shige da su ɗakinsa. Haka ake yi a gidansu: daren farauta kibau a kan uba suke kwana, ba mai taɓa su sai a daji.

"Ka gaya masa mana," in ji Zeinabou. "Baba ba dodo ba ne."

"Gobe," Souley ya ce.

Goben ta zo bai faɗa ba. Sun yi asuba suka ɗauki hanya, suka biya Bronx suka ɗauki Latif. Tsohon na gidan gaba cikin rigar sanyi uku, kwarin a kan cinyarsa, ya rungume shi. A bakin dajin Latif ya ɗaura wa kiban kawuna masu kaifi ɗaya bayan ɗaya, tsohon na miƙo masa yana karɓa. Kafin ya wuce nasa wurin, ya ja Souley gefe.

"Wanda ba ka tabbata da shi ba, kada ka sake shi. Ka ji ni?"

Suka zauna su biyu a bayan wani faɗaɗɗen icce da ya faɗi, iska na busowa daga gabansu. Gari na wayewa, dajin ya fito da launinsa. Ganye ja, ganye rawaya, wani kamar an tsoma shi a manja, suna saukowa ɗaya-ɗaya ba mai taɓa su. Baba Tamimu ya ɗaga kai yana duban itatuwan da ba a taɓa sassabe ba, leɓɓansa na motsi. Sannan ya sa hannu a kwari, ya laluba, ya zaro kibiya ɗaya, ya yi bismilla ya miƙa wa ɗansa.

Souley ya ɗora ta a tsarkiya. Ya juya ta a hasken safiya yana neman alama, ko dusashewar launi, ko tabon hayaƙi. Ba komai. Ruwan goro ce kamar 'yan'uwanta.

Tsohon ne ya fara ji. Ya taɓa gwiwar Souley da yatsa ɗaya, bai ko juya kai ba. Can sai ga namijin barewa ya fito daga cikin sarƙaƙiya, wuyansa kamar na bijimi, ƙahonsa ya yi rassa sama da kansa. Numfashinsa na fita fari-fari cikin sanyi. Yana takowa a hankali, ganye ko ƙara ba ya yi a ƙarƙashin kofatonsa. Ya zo daf da su, kusan faɗin titi, ya tsaya, ya ba su gefensa gaba ɗaya, ya sunkuya yana shinshinar ƙasa. Souley ya ji mahaifinsa ya daina numfashi.

Ya ɗaga baka, ya ja tsarkiya har yatsansa ya taɓa gefen bakinsa. Ga bayan kafaɗar nan a fili, gashin wurin na motsi da bugun zuciyar dabbar. Abin da ya rage ya buɗe yatsu uku, shi ke nan, hannun tsohon zai sauka a kansa. Amma cikin sha biyu takwas matattu ne. Ya hango kibiyar ta kauce ta nutse a cikin wannan halitta, ya hango dabbar tana jan jiki cikin ƙaya har dare. Kafaɗarsa ta soma rawa. Ya riƙe, ya ƙara riƙewa, sannan a hankali ya mayar da tsarkiyar ya sauke bakan.

Barewar ta ɗaga kai ta dube su. Ba ta firgita ba. Ta kaɗa farar jelarta, ta juya, ta shige cikin itatuwa.

Suka zauna har rana ta ɗaga, ba abin da ya sake giftawa sai kurege. Daga ƙarshe Baba Tamimu ya yi gyaran murya, ya yi magana da taushin da ya fi zagi ciwo.

"Ba komi. Ba kowa aka halitta da zuciyar abin ba. Kana da kantinka, kana riƙe da iyalinka. Ya isa."

Wannan ce Souley ya kasa haɗiyewa. Ya zare kibiyar daga tsarkiya.

"Baba, ku gafarce ni. Ba tsoro ba ne. Ƙarfen nan ba ya son wuta. In ya sha zafi taurinsa ya tafi, ko da ya miƙe. Ku duba."

Ya kama ta da hannu biyu ya lanƙwasa, ya saki. Ta dawo ta miƙe sak. Ya sake lanƙwasawa da ƙarfi, ta sake dawowa. Lafiyarta ƙalau. Souley ya tsaya yana kallonta kamar ta mare shi.

Baba Tamimu ya zazzage kwarin a kan cinyarsa, ya rufe ido, idon da aka sha wahalar gyarawa, ya shiga bin kiban da babban yatsa. Wannan ya ajiye dama, wannan hagu, ba ya ko jinkiri. Uku a dama, takwas a hagu. Ya buɗe ido, ya ɗauki ɗaya daga hagu ya lanƙwasa. Ta zauna a karkace kamar lauje. Ya ɗauki wata, ita ma haka. Ya bi takwas ɗin nan duka da hannunsa, aikin yininsa, yana karya shi ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya gwada ukun dama, kowace ta dawo ta miƙe.

"Yaya kuka gane su?" Souley ya tambaya.

"Inda wuta ta lasa, fatar ta fi bushewa. Kuma ni na riƙe su yini guda, in kasa sanin su?" Ya nuna wadda ke hannun Souley da haɓa. "Kibiyar fari ba a ba yaro wadda ta sha gyara. Haka ubana ya yi mini. Tun jiya na ware maka wagga."

Souley ya sunkuyar da kai. Iska ta taso, ganye ya zubo musu a kafaɗu.

"Tun yaushe ka sani?" in ji tsohon.

"Tun jiya da yamma, Baba."

"Ka kwana da shi, ka taso da shi, ka zamna kusa da ni da shi." Tsohon ya juya matacciyar kibiya a hannunsa. "Ni na ɓata takwas da wuta. Kai ka ɓata guda da kunya. Da ka tambaye ni."

Souley ya jira. Ya san abin da yake jira, kuma ya san ba zai zo ba. Hannun tsohon bai tashi daga kan cinyarsa ba.

"Ba ni kiranka da sunan maharbi," Baba Tamimu ya ce. "Ban ga nama ƙasa ba, kuma ba ni yi wa kakanninka ƙarya. Amma na ga ka ja baka a kan irin wanga, ka sauke. Ni sai da na yi furfura na iya haka, kuma kafin nan na bar dabbobi da yawa da ciwo cikin daji."

Daga nesa suka ji takun Latif yana tahowa cikin busasshen ganye. Souley ya share fuska da hannun riga, ya soma tattara karkatattun kiban. Tsohon bai taya shi ba. Idonsa na can wajen itatuwan da barewar ta shige, bakinsa a ɗan buɗe.

"Souley," ya ce, karo na farko da ɗansa ya ji sunansa a bakinsa. "Kai, amma ka ga ƙahon nan?"